Ranar da Teku Ya Tafi da Takalmina

Ina waiwayowa sai na hango takalmina yana lilo a kan ruwa, ya kama hanyar tsakiyar teku.

Ranar ce na fara jefa fatsa a Dubai. Na tuɓe takalmin na ajiye a kan busasshen yashi, yadda muke yi a bakin kogi a Yawuri muna yara, na mai da hankali kan zare.

Baba Isa, wani dattijo ɗan Gana da ke kamun kifi kusa da ni, dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Baba, wallahi nesa da ruwa na ajiye shi!"

Ya ce, "Ɗana, kai ɗan kogi ne ko? Naku sai damina yake cika. Wannan kullum sai ya taso ya koma. Khalas, shi ke nan, ka bar masa sadaka."

Na koma unguwarmu Satwa ba kifi, ba takalmi, ina ta tuna marigayi babana da ya koya mini fatsa. Halin ruwa ɗaya tak ya sanar da ni, na kogi, shi kuwa wancan ba ya shigo maka sai da sallama.

Ku da kuka bar gida, me baƙon wuri ya fara ƙwace muku?