Yadda na yaƙi maiƙon fuskata har ta kwantar da ni asibiti

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Wasu sun ce na yi fushi da su, wasu sun ce an ɗauke ni daga Buza. Jinya na yi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Tun ina budurwa fuskata take maiƙo. Kafin in gama darasin safe a lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, goshina yana ƙyalli. Na saba da abina, sai da ƙuraje suka dawo mini bayan na wuce arba'in.

Wajen wani suna a Karofane, yayar maigidana ta dube ni cikin mata ta ce, "Madam, wagga huska taki ko ƙosai a soya da ita. Ki bar shafa mai, ki busar da ita."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ce 'yar boko ba ta san wasa ba.

Daga nan kowa ya zama likitana. Sabulun wanki safe da rana da marece. Lemun tsami. Alif. Wata ta haɗa mini toka da ruwan albasa. Fatar ta bushe, tana ja, tana saɓa, amma maiƙon ƙaruwa ya yi. Sai na ƙara dirza.

Ranar kasuwa wani mai tebur ya ba ni man haɗi cikin kwalba marar suna. Da farko ƙurajen sun kwanta. Daga baya suka taso gaba ɗaya, da ruwa a ciki. Na matse wani a gefen hanci.

Na wayi gari kumatun hagu ya kumbura, idona ya rufe, ga zazzaɓi. Majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin unguwarmu, ya duba sau ɗaya ya ce, "Asibitin Madawa, yanzu."

A can aka ɗebi jini, aka sa mini ƙarin ruwa da allurai ta jijiya. Ordonas, takardar sayen magani, ta cinye albashina. Ban iya kwanciya, ban iya zama. Ina ta ɗaga fatar idon da yatsa in tabbatar ina gani.

Na tambayi likita ko zan rasa idon. Ta ce, "Mu ga yadda maganin zai kama." Ban taɓa tsanar wata jimla kamar wannan ba.

Da kumburin ya saɓe, ta sa na lissafa abin da na shafa. Ta ajiye biro. "Hajiya, maiƙo daban, laima daban. Kin ƙone fatar, ita kuma tana ƙara mai don ta kare kanta."

Idona ya tsira. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinya, da maigidana da ya bar gonar albasa ya zauna kan benci yana kora mini ƙuda.

'Yan uwa masu irin fatata: ku wanke fuska safe da marece da sabulu marar ƙarfi, ba dirza. Ku shafa mai marar nauyi tun tana da danshi. Ku tambayi likita ko mai farmasi su nuna muku man da ba ya toshe ƙofofin fata. Kada ku matse ƙurji kusa da hanci. Kwalbar da ba ta da suna, ku bar wa mai ita.

Wadda take ganin zuzutawa nake, ta zo Buza ta dubi tabon da ke kumatuna na hagu. Ba na rufe shi da hoda.