Goggo da Masu Gadin Jininta

Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta riƙe ni a unguwar Asata, can ƙasar Inyamurai. Shekarar da yatsunta suka fara kumbura, in ta tashi da safe ko zani ba ta iya ɗaurawa. Ni na raka ta asibiti, don likitar Inyamura ce, Goggo kuwa Turancinta bai wuce na cinikin kasuwa ba.

Likita ta ce amosanin gaɓɓai ne. Akwai ƙwayoyin halitta a jini masu tsare jiki daga cuta, sai suka rikice suka far wa gaɓɓanta. Maganin da za ta riƙa sha sau ɗaya a mako zai rage musu yawa da zafin kai, kumburin ya sauka. Amma tunda sun yi sanyi, cuta za ta fi saurin kama ta. Ta guji masu tari da cunkoso.

Na fassara. Goggo ta ce, "Wato masu gadina ne ke jibga ta? To a ladabtar da su."

Maganin ya karɓe ta, gargaɗin kuma ya fi maganin yi mata daɗi. Akwai wata maƙwabciyarmu mai zuwa hira daidai lokacin sauke tukunya. Goggo ta fara tare ta daga ƙofa.

"Hajiya, kin yi tari yau?"

"Ko kusa."

"Jiya fa?"

"Ƙwarewa ce na yi da ruwa."

"Ayya! Likita ta hana. Sai kin warware."

Ta'aziyyar nesa, taron unguwa, duk likita ta hana. Sai ga bikin 'yar aminiyarta a Onica. Na tuna mata da cunkoso.

"Ke, bikin gida ne. Wa zai shafa mini cuta a cikin dangi?"

Ta tafi, ta dawo da mura da zazzaɓi. A hanyar asibiti ta ja kunnena: "In ta tambaya, ina ɗaki ban je ko'ina ba."

Likita ta kama hannunta za ta duba, sai ga lalle ja wur har wuyan hannu. Ta ɗago ta tambayi bikin wa aka sha.

Goggo ba ta jira fassara ba. "Ki gaya mata amaryar ta yi kyau."

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a dakatar da maganin sai zazzaɓin ya sauka. Mako guda Goggo na kwance tana atishawa, tana ba ni labarin wanda ya fi kowa rawa.