Gwaggo Mai Bokiti, Wadda Ta Gyara Mini Zane

Ƙarfe shida na safe Gwaggo take buɗe ƙaramar ƙofar gidan kula da dabbobi. Kafin ta taɓa tsintsiya sai ta zaga ɗakuna tana duba kwanukan abinci. Wanda ya cinye, wanda ya rage, wanda ko sunsunawa bai yi ba, duk tana riƙe da su a ka. Likita bai gama rataye jakarsa ba ta faɗa masa wanda zai fara dubawa. Daga nan sai bokiti da buroshi har rana ta take. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni mai zanen gine-gine ne. Shekara huɗu da suka wuce aka ba ni aikin zana musu sabon gini, masaukin dabbobin da ake tsintowa a titi haɗe da asibitinsu. Na kai zanena wurin taro ina ji da kaina. Likita ya yaba, shugabar kwamiti ta yaba, saura sa hannu. Sai Gwaggo ta shigo kwashe kofuna, ta leƙa takardar, ta tambayi inda ruwan wanki zai bi. Na nuna mata doguwar kwata guda da ta ratsa gaban dukkan ɗakunan. Ta ajiye farantin.

"Injiniya, irin wannan kwatar ce ta kashe mana 'yan kwikwiyo goma sha ɗaya a mako guda. Ni na binne su."

Shugabar ta harare ta, amma Gwaggo ta ci gaba. Ta ce a tsohon gini ruwan da ta wanke ɗakin marar lafiya shi ke gangarawa ta ƙofar masu lafiya, wato da hannunta ta kai musu cutar ba ta sani ba. Idan haka za a sake ginawa, in ji ta, a nemi wata mai shara. Likita ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ta faɗa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Duk da haka washegari na dawo. Ta shigar da ni ɗakin wani kare, ta ce in durƙusa. Na dubi farin wandona, ta ce wando ai ana wankewa. Da na durƙusa sai ga karen ɗakin da ke fuskantarmu yana zare mini ido yana haushi, zafin kwanon rufi na sauka a ƙeyata, iska ko kaɗan ba ta kaiwa ƙasa.

"Kai minti biyu ka yi," in ji ta. "Shi nan yake wuni."

Mako uku ina bin ta da littafi, sannan na yaga zanen na sake. Yanzu babu ɗakin da ke kallon wani, kowanne da magudanarsa, marasa lafiya kuma suna can gefe da ƙofarsu da bokitinsu. Kyanwoyi na kai su inda haushi ba ya kaiwa, da katakon hawa da akwatin ɓuya. Saboda shekarun da Gwaggo ta yi tana jidar ruwa duk ranar da famfo ya ƙafe, muka sa tankuna suna tare ruwan sama. Tagogi na ɗaga su sama zafi ya riƙa fita da kansa. Babbar bishiyar tsakar gida kuwa ta hana a sare, dole katangata ta lanƙwasa ta kewaye ta. Da na nuna mata farantan hasken rana da za su riƙe firjin allurai, ta yi dariya ta ce wannan kam ta bar mini, fannina ne.

Direban motar ɗauko dabbobi ya ba ni labarin wani kare da aka kawo da shatin igiya a wuya, yana kai wa kowa cizo, har an fara maganar yi masa allurar da za ta kashe shi ya huta. Gwaggo ta roƙi kwana goma. Kullum ta gama aiki sai ta kifa bokiti a bakin ɗakinsa, ta zauna ta ba shi baya. Rana ta tara ya ci abinci a hannunta. Yau yana gidan wani malamin makaranta.

Shekara biyu da buɗe sabon ginin, sau biyu cuta ta shigo, ba ta taɓa wuce ɗakin marasa lafiya ba. Amma allon da ke bakin ƙofa sunana ne a kai, babu nata.

Gwaggo, ke ce kika san wurin nan tun daga ƙasa. Ke ce uwar marasa baki. Kin faɗi abin da ke ci miki rai a gaban manya, alhali kina iya rasa aikinki, kuma dabbobin da suka rayu saboda haka ba su da hanyar gode miki. Ni ina da ita. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa.

'Yan uwana masu zane da magina da shugabannin kwamiti, kafin ku sa hannu a takarda, ku kira mai share wurin ku ba ta kujera. Masu shara kuma, in kun ga kuskure ku faɗa.

Jiya na tambayi Gwaggo kyautar da take so ta bankwana. Ta ce sakatar ɗaki na bakwai tana maƙalewa, kada wadda za ta gaje ta ta sha wahala, in zo da kafinta kafin Alhamis. Za mu zo, Gwaggo.