Baƙon da Aka Hana Ni Yi wa Talla

Na halarci tarurrukan masu harkar kwamfuta da yawa, wasu ko garin da aka yi su na manta. Amma wanda aka yi a garinmu Gummi, lokacin da ake bin hanyar Anka ba tare da fargaba ba, ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

A lokacin ni da wani abokina muna da ɗan kamfani a Kaduna. Sana'armu ajiyar bayanai ce. Muna da manyan kwamfutoci a ɗaki mai sanyi, kamfani ya zo mu ware masa nasa wurin shi kaɗai, manhajarsa da bayanansa su zauna a ciki ba a haɗa shi da kowa ba. Abokina ne mai kula da injuna, ni kuma mai baki. Sai dai kasuwa ta ƙi. Har mun yi magana cewa in shekarar ta ƙare ba mu samu babban abokin ciniki ba, mu sayar da injunan, kowa ya je neman aikin albashi.

Ana cikin haka sai ƙungiyar masu rubuta manhaja ta yanke shawarar kai taronta ƙaramin gari, don ɗaliban karkara su ma su gani da idonsu, aka zaɓi Gummi. Muka tattara ɗan abin da ya rage mana muka shiga cikin masu ɗaukar nauyin taron. Aka yi mana alkawarin teburi a bakin zaure, da sunanmu a jikin ƙyalle, da ɗan lokacin jawabi. Duk wannan saboda mutum ɗaya muka yi shi: wani Alhaji daga Kano, wanda asibitoci da yawa a Anka da Bukkuyum ke aiki da manhajarsa, har da masu bibiyar yaran da gubar dalma ta taɓa a Yargalma da Duza. Mun ji ƙishin-ƙishin yana neman sabon wurin ajiya.

Masaukin baƙi bai isa ba, sai aka roƙi 'yan gari su taimaka. Nan na ga dama ta faɗo. Na yi ruwa na yi tsaki har aka ce Alhaji gidanmu zai sauka. Ina ta yi wa kaina kirari, wai ga shi zan same shi safe da yamma, sauran kamfanoni sai dai su hange shi.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne mahaifina. Malami ne mai karantarwa a zaure, ba ya son hayaniya, kuma magana ɗaya yake yi. Da na gama yi masa bayanin baƙon da dalilin kawo shi, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"To, ji ni da kyau," ya ce. "Mutumin da yac ci tuwonka, yak kwana bisa tabarmakka, ba ya iya ce maka a'a, kunya ta ɗaure shi. In ka yi mishi talla, tuwon nan ka sai da mishi ke nan. Muddin shina gidana, ba ka hwaɗa mishi komi bisa hajakka."

Na ce, "Baba, to can wurin taro hwa?"

Ya ce, "Can ɗin ba daga nan za shi tashi shi tahi ba?"

Na amsa da to, don ba a yi mana tarbiyyar ja da shi ba. Da na kira abokina a waya, sai ya ce, "Wato mun zuba komai namu don ka je ka yi wa mutum shimfiɗa?"

Alhaji ya iso, mutum mai fara'a da son tsokana. Aka sauke shi a ɗakin baƙi, Inna ta aiko da fura da nono mai sanyi, ya sha har yana lumshe ido. Washegari ne jawabina. Tunda ga jama'a zan yi shi ba ga Alhaji kaɗai ba, Baba bai hana ba, don haka na shirya shi tsaf, kowace jimla da Alhaji a raina. Na hau mumbari na duba kujerarsa, wayam. Ashe Inna ta tsare shi da waina da miyar taushe, daga nan Baba ya ja shi fadama ya nuna masa shinkafarsa. Na zage na yi wa ɗalibai jawabi, suka tafa mini sosai, Allah ya saka musu, amma a cikinsu babu mai ko kwamfutar kansa.

Wahalar gaske a teburinmu take. Alhaji zai zo ya tsaya, ya ɗauki takardar tallarmu ya juya ta, ya ce, "Ɗan Malam, ku kuma me kuke sayarwa ne a nan?" Ga amsa cike da bakina, ga shi Baba yana can gida, ba mai ji ba mai gani. Sai in haɗiye amsar in ce, "Alhaji, ya kwanan baƙunta? Sauro bai dame ka ba ko?" Ya yi dariya ya wuce teburin gaba, inda wakilan wani babban kamfani daga Legas suka yi masa caa, wannan ya miƙa masa riga, wancan ya ja masa kujera. Ina kallo har bakin masallaci suke bin sa. Wallahi ranar na ji haushin kowa, har da kaina.

Da safe bayan sallah ma na ji Alhaji a tsakar gida yana faɗa a waya. Wurin da yake ajiya ya sake tsayawa, asibitoci suna ta kiransa. Maganin damuwarsa yana bakina, ni kuwa abin da na kai masa shi ne ruwan wanka.

Aka tashi taro, aka naɗe ƙyallaye. Na riga na fara tunanin inda zan kai takardar neman aiki. Baba ya yi wa baƙonsa addu'a, Inna ta cika masa mota da ƙuli-ƙuli da man shanu, aka ce in raka shi. Na shiga gaba muka kama hanyar Anka, ina nuna masa gonaki kamar ba abin da ke damuna. Da muka wuce gidajen ƙarshe sai ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ɗan Malam," ya ce, "nan na fita daga gidan Malam, ko da saura?"

Sai ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari.

"Ai tun ranar waina Inna ta ba ni labari. Cewa ta yi, 'Yaron ga tun shina ƙarami bakinai ba ya hutawa. Ga shi ubanai ya ɗaure shi, sai ka sha kallo.' Na kuwa sha kallo! Da gangan nake zuwa teburinka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya daina dariyar.

"Abin da ke hannuna sirrin yaran mutane ne marasa lafiya," ya ce. "Duk wanda zan ba ajiyarsu, ba zan ga abin da yake yi da su a bayan idona ba. Injuna kowa yana da su. Kai kuwa na ga abincinka a gabanka, wanda ka yi wa alkawari ba ya wurin, amma ka riƙe. To, yanzu kwance bakin, ina jin ka."

Jama'a, na yi magana! A gefen titin nan, shanu suna wuce mu, na zazzage masa duk abin da na haɗiye, har sai da ya ɗaga hannu ya ce in bar sauran sai ya turo injiniyoyinsa Kaduna. Ya turo su kuwa, suka bincike mu ciki da bai, suka sa muka gyara abubuwa biyu, sannan aka sa hannu. Injunan da muka so sayarwa, sai da muka ƙaro wasu.

Da na koma gida na faɗa wa Baba, bai nuna mamaki ba, tambayata kawai ya yi ko baƙon ya sauka lafiya. Inna ce ta yi ta dariya a kicin.

Har yau muna ɗaukar nauyin tarurruka, kuma har yau ina da surutu. Amma tun daga ranar na gane cewa a sana'ar riƙe wa mutane amana, mai saye ba jawabinka yake saurara ba. Yana duban abin da kake yi ne a lokacin da kake zaton ba wanda ke kallonka.