Ƙofar Gefen Amarya

Tun ina 'yar ƙarama yayana yake gyaran ƙofar mota. Ba ruwansa da inji, ba ruwansa da birki, shi dai ƙofa: gilashin da ya ƙi tashi, hannun da ya karye, makullin da ya cije. A layin makanikai ba wanda ya san sunansa na yanka, Mai Ƙofa kowa ke ce masa. Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. Ni da haƙuri bai ishe ni ba, sau nawa na ce masa, "Yaya, kai ko wuta ce ta kama rigarka sai ka gama jera kusoshinka." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da jera su a tsohon farantinsa, na sama daban, na ƙasa daban.

Yana da al'ada guda da ba ya saɓawa. Duk ƙofar da ya gyara, mai mota ba zai tafi ba sai ya shiga ciki ya ja hannun da kansa. Yakan ce ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki kurkuku ce.

Matarsa kuwa, har furfura ta rufe mata kai Amarya yake kiranta. Ita ce ciwon mantuwa ya kama. Da gishirin miya abin ya fara, sai sunayen 'ya'ya, daga baya har shi kansa ta koma ce masa Malam. Abin da ba ta manta ba shi ne kujerar gaba ta tsohuwar motarsa. Kullum da safe tare suke zuwa gareji, ta zauna a benci ƙarƙashin rumfa tana kallonsa, da yamma su dawo.

Wata rana suna tsakiyar titi ta ɗaga makulli ta tura ƙofa, wai ta hango mahaifiyarta a bakin hanya. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ta kuje. Babbar 'yarsu ta zo ranta a ɓace ta ce, "Baba, ko dai Mama ta koma kujerar baya, ko in tafi da ita gidana." Aka gwada bayan, ta yi ta kuka kamar za ta shiɗe. Ban ga laifin yarinyar ba, uwarta ce. Amma ni na sani, ranar da aka raba mutanen nan biyu, to duka biyun za mu rasa.

Sai Yaya ya sayo ɗan injin nan da ke kulle ƙofa idan direba ya danna maɓalli daga gefensa. Ta ciki aikin ya fi sauƙi, amma ya ƙi taɓa cikin. Amarya ko tsumman da ta ɗaura a hannun ƙofar aka gusar, ba za ta shiga ba. Ya ce ta waje zai bi, tunda motar irin wadda bangon ƙofarta na waje da kusoshi aka ɗaure shi ce.

Ni ya kira in riƙe masa bangon, don bai son abokan sana'a su gani. Ya cire madubi, ya cire hannun waje, ya ɓare robar bakin gilashi, sannan ya bi gefen ƙofar yana kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Muka ɗaga bangon muka kwantar a kan kwali. Ya ɗaure ɗan injin, ya zura waya ta cikin robar da ke wajen hinji, inda ƙofa ke haɗe da jikin mota, ya ɓoye maɓallin a ƙarƙashin sitiyari. Saura abu ɗaya: siririyar sandar da ke haɗe da ɗan kan makullin da take ɗagawa. In ya zare ta, kan zai tsaya a wurinsa, amma ba zai ƙara buɗe komai ba.

Ya riƙe filaya ya tsaya. Na ce, "Yaya, ni fa na gaji da tsayuwa, rana na dukana."

Ya ce, "Ke dai bari. Rayuwata duka buɗe wa mutane nake yi."

Ya zare sandar ya jefa cikin faranti, muka mayar da bango.

Da ya gama, bai karya al'adarsa ba. Ya kamo hannun Amarya ya zaunar da ita, ya zagaya ya shiga, ya danna. Ni da babbar 'yar tasu muna tsaye a jikin taga. Amarya ta ɗaga kan makullin, ta ja hannu, ta sake ja. Ƙofa ko motsi. Duk muna jiran kuka.

Sai ta juya ta dube shi a natse ta ce, "Malam, ƙofar nan ta lalace. Ka kai ni wurin maigidana, aikinsa ke nan. Shi bai taɓa barin ƙofa ta kulle mutum ba."

'Yar ta rufe fuska da mayafi, kuma daga ranar ba ta sake tayar da zancen ɗaukar uwarta ba. Ni kam kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Yaya ya goge ido da bayan hannu ya tayar da mota. Ya ce, "To Amarya, gyara zama. Wurinsa za mu."