Dutsen Bayan Ɗakin Goggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu huɗu a motar maƙwabcina, kuma duk cikinmu ni kaɗai ne ba ni da bakin hira. Ku da kuka saba ganin hotunan abinci idan na yi tafiya, wannan karon ku yi haƙuri, ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Goggota ce, yayar mahaifina, da ke wani ƙauye a yankin Beli ta ƙasar Rogo. Mijinta ya rasu farkon damina, tana cikin takaba. Bayan gidansu akwai tudu, a kan tudun akwai wani dutse da ya kai girman ƙaramin rumbu, tun muna yara muke hawansa. Ruwan bana ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya karkata ya leƙo kan ɗakinta. Babban ɗanta ya yi mini waya ya ce an yi juyin duniya ta koma gidansa, ta ƙi. Liman da kansa ya je ya gaya mata lalura ta halatta mata tashi. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta ce a ɗakin nan marigayi Malam ya bar ta, a ɗakin nan za ta fita takaba. Tunda ita ba za ta matsa ba, sai dai dutsen ya matsa. Shi ya sa aka kira gayya, mu ma muka tafi.

Banda maƙwabcin nawa da ke tuƙi, akwai ƙanena, sai wani abokina malamin tarihi a makarantar sakandare. Ba mu wuce Rimin Gado ba ƙanena ya ciro waya ya kunna mana bidiyon dalar Masar, wai don ya kwantar mini da hankali. A cewarsa, idan har an iya ɗora waɗancan duwatsu wani kan wani, namu wasa ne. Daga nan musu ya kaure. Shi ya kafe a kan aljanu ne suka yi aikin, ko kuma akwai wasu injuna da suka ɓace daga duniya. Maƙwabcina ya ce duk shirme ne, mutanen dā Samudawa ne, yatsan ɗayansu ya kai cinyarsa, dutse a wurinsu kamar curin fura ne. Malamin ya gyara zaman tabarau ya ce babu aljani babu Basamude, gangare ake yi da ƙasa, a shimfiɗa itatuwa, a tara jama'a su ja. Maƙwabcina ya ce to ina ka gani? Malamin ya ce kai ina ka ga Basamuden?

A Kabo muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, mai suyar kuma ta ce mu je mu tambayi farashin wake da man gyaɗa kafin mu yi mata ƙorafi. Ba mu ja ba. Hanya daga nan wani wurin lafiya, wani wurin ruwa ya cinye gefen kwalta sai an lallaɓa. Ko'ina kore shar, masara ta yi goyo, dawa ta wuce tsayin mutum. A wani lokacin da na ji daɗin kallo, amma ranar idona yana sama, ina duba ko hadari zai haɗo.

Karaye mun same ta ta farka. Masu kifi sun fito da na dam, tarwaɗa da karfasa, wasu na motsi a cikin baho. Maƙwabcina ya so mu tsaya a soya mana, na ce wallahi idan ya kashe motar nan zan sauka in hau acaɓa. A bakin kasuwa kawai muka tsaya muka sayi igiyoyi masu kauri, irin na ɗaure kaya a babbar mota. Mai igiyar da ya ji abin da za mu yi, sai ya ajiye ciniki ya shiga musun shi ma. Ra'ayinsa shi ne mutanen dā addu'a suke tofa wa dutse ya yi sauƙi kamar audugar rimi. Na ce ya tofa mana a igiyar mu tafi.

Daga Karaye zuwa Rogo gonakin rake ne suka fi ɗaukar ido, da mata masu gasa masara a bakin hanya. Da muka saki kwalta muka kama hanyar ƙauyen, na gane dalilin da ya sa ba a yi maganar kawo katafila ba. Ko motarmu sai da muka sauka muka tura ta a wani kwari, ƙanena mai aljanu ya sha taɓo har gwiwa.

Da hantsi muka isa. Kafin in gaisa da kowa na zagaya bayan gida. Dutsen ya fi yadda aka kwatanta mini karkata, ƙarƙashinsa ta wajen gida rami ne, kana iya zura hannu har kafaɗa. An tokare shi da guma-guman itace, amma itacen kamar tsinke yake a gabansa. Daga shi zuwa rufin ɗakin Goggo babu wata tazara da za a yi magana a kai.

Na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana zaune a tabarma da carbi, ta rame, amma muryar tana nan. Babana take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini.

"Babana, kai ma an taso ka? Yaya hanya, yaya iyalin?"

"Lafiya lau, Goggo. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah."

Na ce ko don ni ta yarda ta kwana biyu a gidan ɗanta. Ta dube ni ta ce in tashi in je a ba ni ruwa, na sha hanya. A gidanmu idan babba ya ce ka je ka sha ruwa, magana ta ƙare.

Jama'a sun taru sosai, Hausawa da Fulanin rugagen kusa, har da shanun huɗa. Shawarar da dattawa suka yanke tun kafin mu zo ita ce ba za a fasa dutsen da wuta ba, kada ɓallinsa ya gangaro. Za a haƙa rami a gefensa ta wajen gona, a ja shi ya faɗa ciki a binne. Malamin tarihi ya ƙara da cewa a zura dogayen itatuwa ta ɗaya gefen a riƙa ɗaga shi, duk ɗan abin da ya ɗagu a cusa ƙananan duwatsu. Aka karɓa. Har azahar ana haƙa, mu 'yan birni muna kwashe ƙasa da kwanduna. Ɗan Goggo, da yake abokin wasana ne, ya riƙa kiran mutane su zo su ga tafin hannuna da ya yi bororo tun ba a je ko'ina ba.

Bayan salla aka fito da Goggo tsakar gida, can nesa da ɗakin, inda mata ke aikin abincin gayya. Wannan kam ta yarda, tunda ba barin gida ba ne. Aka naɗe dutsen da igiyoyi, aka ɗaura wa shanu, maza suka jeru. Mai unguwa ya ce, "Ku ja!" Na gaba suka ja, na baya suna gyara tsayuwa, shanu suka zabura bayan kowa ya saki, masu itace kuma suka danna a nasu lokacin. Dutsen ya ɗan ɗaga, ya koma ya zauna, kuma da ya koma sai ya ƙara sunkuyawa wajen gida. Na ji ƙasa da tsakuwa suna zuba a kan kwanon ɗakin.

Malamin ya ce a bari ya ƙirga kamar yadda ake yi a filin makaranta. Ya ƙirga, rabi suka ja a kan uku, rabi suna jiran su ji abin da zai biyo bayan ukun. Ɗaya daga cikin itatuwan tokarar ya tsage. A daidai nan kuma gabas ta fara yin baƙi, iska mai sanyi ta taso. Idan ruwa ya sauka a kan ramin da muka haƙa, mun ƙara ɓata al'amarin da hannunmu ke nan.

Wani dattijo ya faɗi abin da kowa ke tunani. Mutanen nan ba su taɓa yin gayya babu ganga ba. Ganga ce ke gaya wa hannu lokacin da zai sauka, da ita suka saba tun suna samari. Makaɗin garin ma yana cikinmu riƙe da igiya, amma gangarsa tana gida, don ba a kiɗa a gidan da aka yi rashi, kuma babu wanda ya ma yi sha'awar a ce a ɗauko. Muka tsaya cirko-cirko, ga ƙarfi ga igiya ga shanu, an rasa abin da zai haɗa mu.

Muna cikin haka sai muka ji daka daga cikin gida. Dama tun safe ana daka, amma wannan ya matso kusa, jikin danga, kuma ba irin na ɗazu ba ne. Lugude ne, taɓarya uku a turmi ɗaya, biyu marasa nauyi sannan ta ukun ta sauka da ƙarfi. Na leƙa ta saman danga. Goggo ce ta sa aka jawo turamen, tana zaune a tabarmarta tana cewa matan su ɗaga hannu da kyau, geron nan ba zai daku da lalaci ba.

Makaɗin ya saki igiya ya hau kan tulin ƙasa. Hannu kawai ya ɗaga, duk sa'ad da taɓarya mai nauyi ta sauka sai ya sauke shi. Kafaɗun mutane suka fara tafiya tare tun ba a ce a ja ba. Masu shanu suka kama, masu itace suka kama. A ja, a sassauta, a ja, a sassauta. Dutsen ya fara rangaji, kowane zuwa yana ɗara na baya, ana cusa masa duwatsu ta baya don kada ya koma. Ni dai ban san lokacin da na daina jin zafin hannuna ba. Na ga ƙasan dutsen da rana ba ta taɓa gani ba ya bayyana, jiƙaƙƙe, baƙi ƙirin. Ya tsaya a tsaye kamar mai shawara, sannan ya tafi. Ƙarar faɗawarsa a ramin sai da na ji ta a ƙirjina.

Kabbara ta tashi ko'ina. Maƙwabcina ya rungume wani Bafulatani da bai taɓa gani ba, ƙanena ya zauna daɓas a taɓo yana dariya. Ni kuwa ajiyar zuciya na yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya yi gudu. Kafin yayyafi ya fara an mayar da ƙasa an daddale. Aka fito da fura da nono a manyan ƙore da dambu a faranti, ban taɓa shan furar da ta kai wannan daɗi ba. Na tambayi Goggo ko da gangan ta sa aka matso da turamen. Ta ce, "Fura za a dama wa mutane. Ko da yunwa kake so su bar mini gida?"

Mun kwana a gidan ɗanta. Da safe na je sallama, na tarar wata tsohuwa maƙwabciyarta ta kawo mata wani ƙunshi a leda, Goggo ta karɓa ta tura ƙarƙashin gado. Na ce tsaraba ce aka kawo ba za a sam mini ba?

"Likkafanina ne, Babana," in ji ta. "Tun ranar da dutsen ya karkata na kai mata ajiya, kada ya danne mu tare a rasa abin da za a sa ni. Kai kana tsammani ba na jin tsoro ne?"

Ta sa mini albarka, ta ba ni mazarƙwaila in kai wa yara.

A hanyar dawowa mun tsaya a Karaye maƙwabcina ya ci kifinsa, har da na guzuri. Musu kuwa ko kusa bai mutu ba. Malamin ya ce ai ga shi mun gani da idonmu, gangare da itace da jama'a. Ƙanena ya ce namu ƙasa muka jefa shi, su kuwa sama suka kai nasu. Maƙwabcina ya ce Basamude ɗaya da ya gama aikin jiya kafin a dama fura. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma ban san yadda aka ɗora duwatsun Masar ba. Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne ƙarfi bai yi mana komai ba sai da aka sami abin da ya sa hannuwanmu suka sauka lokaci ɗaya, kuma a duk musun da muka sha babu wanda ya tuna ya tambayi wa ke yi wa masu jan dutsen daka.

Mun shigo Kano ana kiran azahar. Mai ɗakina ta tare ni a ƙofa ta karɓi ledar hannuna, ta ce yaya Goggo. Na buɗe baki in ba ta labari tun daga farko, sai na fasa. Na zauna a dokin ƙofa da takalmina a ƙafa, na ce mata tana nan da ranta.