Metir Everett Sandlin da Kabari Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Na Allah ne mu, kuma komai nisan kwana gare Shi za mu koma.

Ranar Litinin, 14 ga watan Nuwamba na 1988, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki a Lyon aka ce ana nemana a tarho daga Paris. Madam Anne ce, matar da ke kula da benen da kake haya. Ta ce da safiyar nan ka faɗi a matakala, tsakanin hawa na uku da na huɗu, jakarka a hannu, kuma kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Shekarunka sittin da uku. Na ajiye tarhon, na koma na sallami matar da ke jiran maganin tari, kuma abin da ya fara cika mini ƙirji ba kuka ba ne, haushi ne. Yau sati uku ke nan, Metir, haushin bai sauka ba. Ka yafe mini idan ya bayyana a cikin wannan takarda. Ba ka taɓa son a yi maka kara a magana ba.

Ga wanda bai san ka ba, sunanka Everett Sandlin, Ba'amurke ne daga jihar Ohio, muna ce maka Metir kamar yadda Faransawa ke kiran lauya. Kana saurayi aka kawo ka Faransa cikin kakin soja a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ka koma gida ka karanta shari'a, ka yi shekara ashirin da wani abu kana lauya, sannan ka dawo Paris kana rubuta wa kamfanoni yarjejeniya. Ka sha gaya mini cewa wancan aikin ciki ne, aikin ranka shi ne tarihi. Littafi uku ka fitar kafin mu san ka: ɗaya tarihin wata tsohuwar shari'a ta masu jiragen kogi a ƙasarku, biyu kuma ƙagaggun labarai da ka gina a kan abin da ya faru. Na huɗun shi ne namu, shi ne kuma wanda ba ka gama ba.

A 1981 ka fara bin gidajen kwanan ma'aikata na Montreuil, a gefen Paris, kana cigiyar tsofaffin sojan Afirka. Alhaji Abdourahamane, ɗan kasuwar Maradi da ke sayar da atamfa a can, shi ya ba ka sunan mahaifina, Malam Illiassou, ya ce, "Idan maganar yaƙi kake so, ka tafi Saint-Fons, kusa da Lyon. Amma ba na ce zai kula ka ba."

Bai kula ka ba kuwa. Ka zo da rediyon ɗaukar magana a rataye, ka cire takalmi a ƙofa ba wanda ya ce ka cire, safarka ta huje a babban yatsa, ka gaishe shi da "ina kwana" ana shirin sallar la'asar. Baba ya amsa, ya sa aka kawo maka shayi, ya yi maka hirar tsadar nama da sanyin bana, ya rako ka. Ka sake dawowa, haka. A zuwa na uku ka bar rediyon a gida, ka zauna ka ci tuwo da miyar kuka da hannu, rabi a baki rabi a riga. Da za ka tashi Baba ya ce da ni, "Raliatou, gaya masa ranar Asabar ya zo da akwatin nasa." Ni ce tafintarku tun daga ranar, shekara bakwai.

Abin da Baba ya ba ka shi ne labarin yayansa, Ɗan Juma. An ɗauke shi soja daga ƙauyenmu kusa da Mirriah a 1939, ya mutu a watan Yuni na 1940 a wani ƙauye arewa da Lyon. Wani abokin yaƙinsa, Adoum, mutumin Chadi, shi ya nuna wa Baba wurin da aka binne shi: kabari na goma sha bakwai a jerin da ke jikin katanga. A kan dutsen babu suna, an rubuta cewa soja ne da ba a san ko wane ne ba. Saboda wannan dutsen Baba, wanda shi ma ya yi soja, ya zauna a ƙasar nan bayan an sallame shi. Saboda shi ya yi shekara ashirin da shida yana shaƙar hayaƙin masana'anta a Saint-Fons. Ya je ofisoshi da Faransancinsa na bariki yana neman a sa sunan yayansa a kan dutsen, ana tura shi daga wannan taga zuwa waccan, har ya gaji ya koma kai ziyara kawai.

Kai ka ce suna ba ya ɓacewa haka nan, dole akwai inda aka rubuta shi. Ka shiga ɗakunan adana takardu kamar mai neman ɗansa. Bayan shekara biyu ka samo littafin rubutu na wani magatakardan ƙauyen, a hannun jikarsa, inda ya kwafe lambobin wuyan sojojin da aka binne, kabari bayan kabari. Ka samo rajistar ɗaukar soja ta ƙasar Damagaram, ga sunan Ɗan Juma, an rubuta shi a karkace yadda kunnen Bature ya ji, ga lambarsa. Lambobin biyu sun dace, sai dai ruwa ya taɓa littafin magatakardan, alƙalami ɗaya ya dushe, ba a rabe ko uku ne ko takwas. Ranar da ka kawo mana hoton shafin, Baba ya ɗora yatsa a kan layin ya daɗe bai ɗaga ba.

A kan wannan alƙalami ɗaya ofishin da abin ke hannunsu ya riƙe mu shekara biyar. Sun ce a kawo shaidar mai ido, Adoum ya riga ya rasu. Sun ce a kawo takardar haihuwar mutumin da aka haifa a bukka, shekarar da babu mai rubutu a garin. Sun ce dosiyen, wato tarin takardun buƙatarmu, ya koma wani reshe, reshen ya ce bai iso ba. Wasiƙa goma sha tara ka rubuta musu, ina da kwafin kowace. Ba ka taɓa ɗaga murya a cikinsu ba, ni kuwa nakan so a ce ka ɗaga.

Ba mu kaɗai muka ci alherinka ba. Kowace Lahadi bayan azahar kana ɗakin cin abinci na gidan ma'aikata a Montreuil, mutane na layi da takardun da suka kasa ganewa. Ba ka da izinin tsayawa gaban alƙalin Faransa, amma ka san wa za a kira, ka san kuma wace rana ce idan ta wuce an makara. Hassia, ƴar Tahoua, ta gaya mini cewa da aka ba mijinta kwana goma sha biyar ya bar ƙasar, kai ka gano an haɗa sunansa da na wani, ka ɗauke ta a ƙafa har ofishin wata lauya abokiyarka, ka riƙe mata jaririya tana bayani. Mijin yana nan har gobe. Da ƙirjin Baba ya tashi a 1985 aka kwantar da shi wata biyu, duk Asabar ka hau jirgin ƙasa daga Paris ka zo ka zauna gefen gadonsa. Ba ya jin Faransancinka sosai, ba ka jin Hausarsa, amma idan na shigo sai in tarar kuna dariya, har yau ban san a kan me ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi ci mini rai, kuma da hannuna a ciki.

A farkon 1986 ka kawo babin da ka rubuta a kan mutuwar Ɗan Juma, ka ce in karanta wa Baba da Hausa. A ciki ka sa wata yarinya Bafaransa ta ba shi ruwa a bakin rijiya, ka sa ya cika yana kiran sunan mahaifiyarsa. Rubutu ne mai kyau, na san haka tun a lokacin. Amma na fassara shi da zafi, don ni ma ban ji daɗin ganin baƙo ya shiga bakin mamacinmu ba. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ka.

"Metir, kana wurin?"

Ka ce a'a.

"To wa ya gaya maka?"

Ka ce babu kowa, sana'ar ke nan, inda takarda ta yi shiru marubuci yakan cike gurbin.

Baba ya ce, "Ka cike da naka. Yayana bai bar mini komai ba sai gaskiyar yadda ya tafi, ita ma guntuwa. Kada ka ƙara mata ruwa."

Ka tattara shafukan, ka yi godiya, ka tafi. Na zaci za ka gyara babin ne. Ashe ka ɗauki maganar tsoho ka mai da ita doka a kan littafin gaba ɗaya. Ka koma shafin farko kana cire duk jimlar da ba ka da shaida a kanta. Ka ce ba za ka rubuta babin ƙarshe ba sai ranar da aka sa sunan a kan dutse, don ka rufe da abin da ya tabbata. Masu buga littattafanka a New York suka jira shekara ɗaya, suka ƙara rabi, daga baya suka rubuto cewa sun janye. Ka nuna mini wasiƙar kana murmushi. Na ce maka wannan taurin kai ne, ba riƙon amana ba.

Baba kansa ya sauko. Bara da azumi ya ce da ni, "Na tsananta wa mutumin nan. Wanda ya yi shekara shida yana bin sawun Ɗan Juma ya san shi fiye da wasu danginsa. Ki ce ya rubuta abin da zuciyarsa ta ba shi." Na kira ka a ranar, ina murna. Ka ce, "Malam ya yi gaskiya a karon farko. A na biyu tausayina yake ji." Na kashe tarhon ban yi maka sallama ba. Shi ne kawai karon da na taɓa yi maka haka.

Haka ka yi da lafiyarka. Ni mai sayar da magani ce, na ga leɓunanka suna sauya launi idan ka hau matakalarmu. Na ce ka bar ɗakin hawa na biyar da ba shi da na'urar hawa, ka ce hasken tagarsa ya fi na ko'ina. Na lissafa maka ƙwayoyin zuciyarka a ƙaramin akwati, na Litinin daban, na Talata daban. Da muka je kwashe kayanka na same shi a bayan littattafai, cike, ba ka taɓa ko ɗaya ba. Me zan ce maka? Mutumin da ba ya yarda kwanan wata ɗaya ya kuɓuce masa a takardar wani, ya kasa tuna ƙwaya ɗaya da safe don kansa.

Ƙanwarka Lorraine ta zo daga Amurka, mace mai hankali, idonta irin naka. Ta ba ni kaset talatin da ɗaya na muryoyin tsofaffi, ta ce a can babu mai jin abin da ke ciki. Goma sha ɗaya daga masu maganar sun riga sun bar duniya. Littafin kuwa ta tafi da shi, shafi ɗari huɗu da ƴan kai, ya tsaya a tsakiyar watan Yuni na 1940, sojoji na haƙa rami a bakin hanya. Ta yi alkawarin neman mai bugawa. Amma na san yadda ake kallon littafin da ba shi da ƙarshe.

Baba ya ƙi jin maganar likita, ya ce sai ya je jana'izarka. Muka hau jirgi da shi, yana tari tun daga Lyon har Paris. Ya tsaya a ƙofar coci cikin sanyi da babbar rigarsa da sandarsa, mutanen Montreuil sun fi arba'in a bayansa, har aka fito da kai. Wani daga cikinsu ya matso yana tambayarsa a hankali wace irin addu'a ta halatta a yi wa wanda ba addini ɗaya ba. Baba ya ce, "Wanda ya halicce shi ya fi mu sanin sa. Ni dai shaida zan bayar, kuma alheri na gani."

Kwana tara bayan rasuwarka amsar wasiƙarka ta goma sha tara ta iso, Madam Anne ta turo mini. Layi huɗu ne. Sun ce tunda wanda ya shigar da buƙatar shi ke da alhakin bin ta, ana so ka bayyana da kanka. Na karanta wa Baba. Ya ce in ɗauko takarda. Ranar Alhamis da ta wuce na aika ta ashirin, da sunana da nasa, ya dangwala yatsa a ƙasa. Ban iya lallashi irin naka ba, Metir, kuma ban yi ƙoƙarin koya ba. Na rubuta musu cewa mutum biyu sun tsufa a kan wannan dosiye, ɗaya ya mutu, kuma ni shekaruna talatin da huɗu, ina da lokaci.

Ya Allah, Ubangijin kowa da kowa, Kai da ba Ka tauye wa bawa komai daga aikinsa, ga Everett Sandlin ya zo gare Ka. Mun shaida ya tsaya wa baƙi a ƙasar da shi ma baƙo ne, ya nemi sunan mamacin da ba danginsa ba har ƙarfinsa ya ƙare. Ka dube shi da rahamarka wadda ta yalwaci komai. Ka jiƙan Ɗan Juma da Adoum da sauran da ke kwance a jikin waccan katanga, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Malam Illiassou da iyalinsa, ga Madam Lorraine da ƴaƴanta, ga Madam Anne da ta riƙe kanka a matakala, ga Alhaji Abdourahamane da jama'ar Montreuil da suka rasa mai karanta musu takarda. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ni ce na fi kowa buƙatarsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Raliatou Illiassou
Saint-Fons, Disamba 1988